Awo a Hannu, Awo a Ƙarfe: Tarihin Bindiga da Maƙeran Birnin Zazzau

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ya san kunne ke riga ido samun labarin fitowar sarki. Tun ba a hango laima ba za a ji rugugin bindigogi, tantabaru su watse daga kan soraye, dawakin da ba su saba ba su yi ta turjiya, hayaƙin albarushi ya turnuƙe fili har ya rufe fuskokin dogarai. 'Yan bindiga ne ke aikinsu, kamar yadda iyayensu suka yi.

Idan mutum ya matsa kusa bayan hayaƙin ya lafa, ya dubi bindigogin ɗaya bayan ɗaya, zai lura da wani abu. Babu biyu da suka yi daidai da juna. Wannan bututunta ya fi tsawo, waccan ƙotarta ta fi kauri, wata an ɗaure ta da fata, wata da zoben tagulla. Da kunamar ɗaya za ta karye, ba za a ciro ta 'yar'uwarta a sa mata ba. Sai an koma wurin maƙeri ya dubi gurbin, ya ƙera sabuwa, ya yi ta goga ta da magagari har ta zauna. Awon kowace bindiga yana cikin ido da hannun wanda ya ƙera ta.

Abin da ya dawo mini da wannan tunani wani ɗan ƙarfe ne da na ci karo da bayaninsa ina cikin karatu a kan tarihin makamai. Bai kai girman akwatin ashana biyu ba, ba ya harbi, ba ya yanka. Amma na ga cewa idan aka fahimci aikinsa, za a fahimci wani ɓangare na abin da ya faru da Zazzau tsakanin shekarar 1890 da 1903, da kuma abin da har yau ke damun masu sana'ar ƙarfe a ƙasar nan.

Ɗan gurbi da zoben hayaƙi

Yawancin bindigogin soja na wannan zamani da hayaƙinsu suke ɗura wa kansu harsashi. A jikin bututun akwai wata 'yar ƙofa da ba ta kai faɗin ƙwayar dawa ba. Idan harsashi ya wuce ta, kaɗan daga hayaƙin da ke tura shi sai ya kurɗa ta nan, ya koma baya ya ture ƙarfen da ke fitar da kwankon harsashi ya shigo da sabo. Abin da ke tarbar hayaƙin a bakin 'yar ƙofar wani zoben ƙarfe ne da ake zura wa bututun, mu kira shi zoben hayaƙi. Shi ma yana da tasa ƙofar, kuma dole ƙofofin biyu su dubi juna. Idan zoben ya goce ko da kaɗan ne, bindiga za ta tashi sau ɗaya ta tsaya.

A wasu bindigogin da ƙusa ake kafe zoben. A wasu kuma, musamman irin waɗanda farar hula ke haɗawa a Amurka inda doka ta ba su dama, ƙananan sukurori ne ke riƙe shi daga ƙasa. Sukuru a kan ƙarfe mai santsi yana iya zamewa saboda zafi da girgiza, shi ya sa ake yi masa ɗan gurbi a jikin bututun inda bakinsa zai zauna. Ɗan ƙarfen da na ambata, wanda Turawa ke kira jig, aikinsa ke nan. Yana kama bututun, ya ɗauki saiti daga 'yar ƙofar hayaƙi, ya nuna wa mahudi inda zai taɓa, ya hana shi karkacewa. Jagoran huda ne. Wanda aka yi don kaurin wani bututu ba ya aiki a kan wani, kuma mai saye yakan zaɓe shi da lamba, bai ga bututun da zai yi aiki a kai ba, shi ma wanda ya ƙera jagoran bai taɓa ganinsa ba.

Wato mutum uku da ba su san juna ba, mai bututu da mai zobe da mai jagora, sun yarda da awo guda, har kayansu ke shiga juna. Gwanintar da a da sai an shekara goma a gaban zugazugi kafin a samu, an cire wani sashe nata an zuba a cikin ƙarfe. Wannan dabara tana da tarihi, kuma tarihin ya bi ta ƙofar Zazzau.

Ƙarfe ya riga bindiga

Zazzau ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono tsofaffin murahun narka tama a yankin Samaru, waɗanda suka girmi ganuwar birnin da ɗaruruwan shekaru. Mutanen da suka zauna a gindin Kufena da Turunku sun san yadda ake fitar da ƙarfe daga dutse, kuma da wannan ƙarfe aka yi fartanya da garma da gatari, aka yi mashi da kan kibiya da linzami. Ganuwar da ta kewaye birni, mai ƙofofi irin su Doka da Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Jatau, da kayan maƙera aka haƙa ƙasarta.

Sana'ar tana da tsari. Akwai maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Akwai Sarkin Maƙera da ke tsakaninsu da fada, shi ke tara su idan ana shirin yaƙi ko ana bukatar sarƙa da ƙyauren ƙofa. Yaro yakan fara da zuga, ya koma riƙon awartaki, sannan a ba shi masaba. Abin da ya koya ba a rubuce yake ba. Launin ƙarfe a wuta ke gaya masa lokacin bugu, amon uwar maƙera ke gaya masa ko aiki ya nuna. Ilimi ne mai zurfi, sai dai yana tafiya ne daga hannu zuwa hannu, kuma idan mai shi ya mutu bai bar magaji ba, ya tafi da shi.

Yadda bindiga ta shigo

Tarihin Kano ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, tare da zuwan Dagaci daga Barno, kuma ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A Barno, Mai Idris Aloma ya yi amfani da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16. Duk da haka bindiga ta daɗe tana gefe a yaƙin ƙasar Hausa. Doki da mashi da baka su ne ƙarfin runduna, kuma jihadin 1804 da kibiya aka ci shi.

Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya ratsa Zariya a 1826, ya halarci harin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa wani garin Gobirawa a ƙarshen wannan shekarar. A cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga ba su kai hamsin ba, kuma masu riƙe da su sukan harba su ja da baya su sake ɗuri. Heinrich Barth, da ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da shi kasuwar birnin duk shekara, akasari ƙirar Solingen ta Jamus, amma cinikin bindiga ya same shi ƙanƙane.

Bindigar da ta fi yawo a Afirka ta Yamma ita ce doguwar nan mai ɗuri ta baki, wadda ƙanƙara ke tayar da albarushinta. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar tekun ƙasar Gana ta yau, ko da yake akasarinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera. Mu kuma muka kira ta bindigar toka ko adaka. Hanyarta zuwa Arewa ta bi ta Kwara, kuma Nufawa suka tsare bakin hanyar. Etsu Masaba, wanda ya mulki Bida daga 1859 zuwa 1873, ya fahimci darajar abin da ke hannunsa, ya riƙa tace abin da zai wuce zuwa sauran masarautu.

Maƙeran Hausa ba su tsaya kallo ba. Sun koyi gyaran kunama da maƙulli, sun ƙera harsashin ƙarfe, an kuma riƙa haɗa albarushi a gida. Bindigar toka ta dace da hannunsu, domin ita ma da hannu aka gama ta. A Birmingham ta wancan lokaci, kowane ƙaramin shago yana yin sashe guda, sannan wani gwani ya zauna da magagari ya daidaita sassan har su haɗu. Tsakanin wannan gwani da maƙerin Zazzau akwai bambancin kayan aiki da yawan ƙarfe, amma hanyar tunaninsu ɗaya ce.

'Yan bindigar Yero

A Zazzau, bindiga ta zama abin siyasa ne a ƙarshen ƙarni na 19. Zamanin Sarki Sambo ya zo da wahala. Ningawa sun matsa da hare-hare har kusa da ganuwa, fada ta rabu, daga bisani Sakkwato ta sauke shi. Wanda ya gaje shi, Usman Yero na gidan Barebari, ya ɗauki darasi. M. G. Smith, a littafinsa kan tsarin mulkin Zazzau da ya fito a 1960, ya bayyana yadda Yero ya tara bindigogi daga wajen 'yan kasuwar bakin Kwara da Binuwai, ya damƙa su a hannun bayinsa, ya kafa rundunar 'yan bindiga da ba ta jin maganar kowa sai tasa.

Wannan ya sauya ma'aunin iko a cikin birni. A da, sarki yana bukatar hakimai, domin su ke kawo dawakai da barade idan za a fita yaƙi, kuma wanda ake bukata ana sauraronsa. Bawa mai bindiga ba ya bukatar doki, ba ya bukatar shekarun koyon sukuwa, ba shi da gidan sarautar da zai kare. Talakawa da masu sarauta duka sun ɗanɗana zafin wannan runduna. Da Yero ya rasu a 1897, ɗansa Kwasau ya gaji goyon bayanta, kuma Wazirin Sakkwato Buhari, da ya zo naɗin sabon sarki, ya tarar da zaɓin da ba shi da ikon sauyawa. A Kano ma, bayan basasar 1893 zuwa 1895, Aliyu Babba ya dogara da bindiga har ake masa laƙabi da Mai Sango.

Sai dai irin bindigar da suka samu ita ce wadda Turai ta yarda su samu. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brasels, wadda ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi ta baya, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar toka da albarushin kasuwa. Hujjar da aka bayar ita ce yaƙi da cinikin bayi. Sakamakon kuwa shi ne sarakunan Afirka suka ci gaba da sayen makamin da Turai ta riga ta daina yaƙi da shi. Ƴan bindigogin zamani da suka sulalo ta Sahara ko ta hannun 'yan sumoga sun zo da matsalarsu: idan harsashinsu ya ƙare ko wani sashe ya karye, sai su zama sanda.

Akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin tsallake wannan shinge. Maƙeran Samori Ture, a can ƙasar Mande, sun kwaikwayi bindigogin Faransa masu cin harsashi ta baya, suka ƙera su da hannu, kuma suka yi aiki. Rabe ma ya ajiye masu gyaran bindiga da haɗa harsashi a Dikwa. Wannan ya isa shaida cewa basira ba ta yi ƙaranci ba. Abin da hannu ya kasa shi ne yawa da daidaito, wato a ƙera dubu a wata guda kuma kowace ta karɓi sashen 'yar'uwarta.

Abin da ke gudana a wani gefen duniya

A 1785, wani maƙerin bindiga Bafaranshe mai suna Honoré Blanc ya baje sassan maƙullan bindiga hamsin a gaban jakadan Amurka a Faransa, Thomas Jefferson. Jefferson ya tsinci sassa yadda ya ga dama ya haɗa, suka zauna ba tare da an goga ko ɗaya ba. Ya rubuta wa gwamnatinsa labari. Sirrin Blanc shi ne jagorori da ma'aunai na ƙarfe waɗanda ke tilasta wa kowane ma'aikaci ya yanka ko ya huda a wuri guda.

Faransa ba ta riƙe dabarar ba, Amurka ta ɗauka. Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindiga 10,000 a 1798 da alkawarin irin wannan aiki, ya makara da shekaru, kuma masana sun gano daga baya cewa sassan bindigoginsa ba sa shiga juna yadda aka yayata. Wanda ya cim ma abin shi ne John Hall, a ma'aikatar makamai ta gwamnati da ke Harpers Ferry, bayan kwangilar da ya samu a 1819. A Ingila, Joseph Whitworth ya fito da awo guda na zaren sukuru a 1841, domin kafin nan kowace masana'anta da irin nata. Bayan baje kolin London na 1851, inda Ingilishi suka ga kayan Amurka da idonsu, gwamnatinsu ta aika tawaga ta sayo injuna, ta kafa su a ma'aikatar Enfield. Maƙeran Birmingham suka ga kasuwa na neman kuɓuce musu, suka haɗu suka kafa kamfanin BSA a 1861 don yin aiki da inji.

Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi ba za ta yiwu ba sai da wannan daidaito, domin sassanta suna gudu da komowa sau ɗaruruwa a minti guda, kuma kowane harsashi dole ya yi daidai da na gabansa. Hiram Maxim ya fito da tasa a 1884, mai amfani da ƙarfin turin da bindiga ke yi baya. John Browning ya bi ta hanyar hayaƙi, kamfanin Colt ya ƙera ƙirarsa a 1895. Daga wannan reshe aka samu Garand ta sojan Amurka a 1936, da Kalashnikov a 1947, da AR-15 ta Eugene Stoner a ƙarshen shekarun 1950, wadda ita ce ake yi wa jagoran hudar da muka fara da shi.

Janairun 1903

Kwasau bai yi yaƙi da Turawa ba. Matsin Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya sa ya nemi taimakonsu, suka shigo Zariya a 1902, Kyaftin Abadie ya zama Razdan. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na wannan shekarar ya nufi Kano, Turawa kuma suka daina yarda da Kwasau. Suka tuɓe shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja, Aliyu Ɗan Sidi ya hau gadon a 1903.

Daga Zariya Kanar Morland ya tashi a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji sama da 700, yawancinsu 'yan ƙasa, da igwa huɗu da bindigar Maxim huɗu. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan aka yi Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. An yi rubutu da yawa a kan jarumtar waɗanda suka tsaya, kuma gaskiya ne. An kuma yi rubutu a kan rarrabuwar kan masarautu, shi ma gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kowane soja a sahun Morland zai iya miƙa hannu cikin jakar na kusa da shi ya ɗauki harsashi ya shiga bindigarsa, kuma akwatin da aka cika a Ingila zai yi aiki a gindin ganuwar Kano ba tare da maƙeri ya taɓa shi ba. A ɗaya ɓangaren, kowane ɗan bindiga da awon albarushinsa da girman harsashinsa. Tazarar shekara ɗari ce ta aikin ma'auni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan Turawa sun zauna

Mulkin mallaka ya karɓe makaman yaƙi ya bar wa mafarauta da fada bindigar toka. Ya kuma kawo wani abu da ya girgiza sana'ar ƙira fiye da kowace doka. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, tarkacen ƙarfen Turai ya cika kasuwa da araha. Narka tama ya mutu a hankali, maƙeri ya koma sayen guntun reluwe da sifirin mota. Masu ƙera bindiga suka koma amfani da bututun da ba don wuta aka yi shi ba, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san mafarauci ko ɗan banga da bindiga ta fashe a hannunsa. A Birmingham, tun 1813 doka ta kafa gidan gwaji inda ake jarraba ƙarfin bututu kafin a sayar. Mu a nan hannun mai harbi ne gidan gwajin.

Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajin makamai na gwamnati, ta bar wa Sufeto Janar na 'yan sanda ikon ba da izini a kan masu ɗuri ta baki. Saboda haka ɗan ƙarfen da muke magana a kai ba shi da halastaccen wuri a shagon wani mai walda a Tudun Wada ko Sabon Gari. Wurinsa masana'antar gwamnati.

Masana'antar kuwa tana nan kusa. A 1964 aka kafa DICON a Kakuri ta Kaduna, daura da unguwar da ake kira Maƙera, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina ta, ta fara da bindigogin Beretta na Italiya bisa lasisi. Injuna da jagorori da ma'aunai duk daga waje aka kawo su. Bayan yaƙin basasa aiki ya ja baya, har aka san ta da ƙera kayan amfanin farar hula. Daga baya ta fito da OBJ-006, ƙirarta ta Kalashnikov, kuma a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta sake mata tsari. Darasin shekarun nan sittin shi ne, sayen inji ya fi sauƙi a kan renon mutanen da za su ƙera ma'aunin da injin ke aiki da shi.

Abin da ya rage mana

Ba na rubuta wannan don in yi kukan cewa maƙeranmu ba su iya ƙera bindigar zamani ba. Wanda ya san abin da Birnin Gwari da Giwa suka gani a 'yan shekarun nan ba zai yi fatan ƙaruwar bindiga ba. Rahoton da cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta fitar a 2018 ya nuna cewa bindigar ƙirar gida ta zama babban kaso na makaman da ke hannun jama'a a Najeriya, kuma ingancinta na ƙaruwa. Dabarar jagora tana da kaifi biyu. A tsohon tsari, gwanin da zai iya ƙera bindiga sananne ne, yana da unguwa, yana da Sarkin Maƙera a kansa, kuma ya san wanda ya sayar wa. Idan gwaninta ta koma cikin kayan aiki, wanda ba shi da suna ba shi da ubangida ma zai iya. Shi ya sa yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta tanadi a yi wa masu ƙirar gida rajista, kuma duk hukumar da ke son shawo kan lamarin sai ta san maƙera da sunayensu, ta bi ta shugabanninsu na gargajiya.

Amma bindiga ce kawai ta fara cin moriyar wannan dabara, domin gwamnatoci ne ke da kuɗin biyanta. Daga ma'aikatun makamai ta wuce zuwa agogo da keken ɗinki da keken hawa da mota. A nan ne hasararmu ta fi girma. Ka shiga Panteka a Kaduna, ko layin masu walda a Zariya, za ka ga injin casar masara da na niƙa da na markaɗe waɗanda aka ƙera da basira ta ban mamaki. Ka sayi ɗaya ka kai ƙauye, ranar da wani sashe ya lalace sai ka ɗauko injin gaba ɗaya ka dawo da shi wurin wanda ya yi shi, domin ramukan da ya huda ba su yi daidai da na maƙwabcinsa ba, har ma da na injin da shi kansa ya ƙera a makon da ya wuce. Manomi ya yi hasarar kwanaki a tsakiyar kaka, maƙeri ya kasa sayarwa nesa da inda ƙafarsa za ta kai, ɗan kasuwa ya koma kan na Sin, wanda ko bai kai ƙarko ba ana samun kayan gyaransa a kowace kasuwa.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da zuriyar maƙeran da suka girmi ganuwa, bai rasa masu ilimin zane ba, bai rasa masu hannu ba. Abin da bai samu ba shi ne wurin da za su zauna tare su yarda cewa ramin garma kaza ne, kaurin sandar injin niƙa kaza ne, sannan a ƙera jagoran da zai sa yaron da ya shekara ɗaya a shago ya huda daidai da ubangidansa. Ƙungiyar masu walda ta unguwa guda za ta iya fara wannan da inji iri ɗaya tak, ba sai ta jira Abuja ba.

Bindigogin hawan Sallah kuwa, a bar su yadda suke. Albarushi kawai ake ɗura musu, kuma kowace tana ɗauke da hannun wanda ya ƙera ta, abin da ya dace da kayan tarihi. Idan Allah ya kai mu Sallah mai zuwa, mai karatu ya matsa kusa da 'yan bindiga bayan sarki ya shiga gida, ya roƙi biyu daga cikinsu su jera nasu, ya gwada kunamar wannan da ta waccan da idonsa.